Mai Tsintar Ƙasusuwa a Gindin Ganuwa

Shomari masunci ne har ranar da bayansa ya ƙi, sai ya koma shara a tsohuwar ganuwar dutse da ke bakin teku a tsibirinmu, wadda baƙi ke tsallako ruwa su gani. Shara dai suna ce. Ainihin aikinsa, duk safiya kafin jirgin 'yan yawon buɗe ido ya iso, ya bi gaɓa da buhu yana tsince ƙasusuwan da teku ya tono daga maƙabartar gindin ganuwar, ya kai tudu ya binne da addu'a. Baƙo ba ya son ganin haƙarƙari kafin ya karya kumallo.

A maƙabartar nan matarsa Mwanahawa take kwance, kuma kowace damina ruwa na ƙara matsowa. Da aka kawo duwatsun tare ruwa, kaf aka jibge su a jikin ganuwa, aka bar maƙabarta. Ita ake zuwa kallo, wa zai kula da matattu?

Liman ya ce, “Shomari, mu tone ta mu mayar tudu.”

“Haba Malam! Baiwar Allah nan ta sha wuya a duniya, a ƙasa ma ba za a bar ta ta huta ba?”

Taurin kai gare shi kamar jaki. Da ciwon bayan nan nasa ya riƙa jan duwatsu yana jerawa a gaban kabarin, yana nishi.

Wata safiya bayan iska mai ƙarfi ya sauko, ba kabari, ba duwatsu. Gaɓar ta zaftare gaba ɗaya, ƙasusuwa birjik a yashi, na da da na yanzu sun cakuɗe. Ya durƙusa yana ɗauka yana juyawa. Wallahi bai san wanne ne nata ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Yana nan jirgi ya iso. Kibwana, mai yi wa baƙi jagora, mai daɗin baki ne, nan take ya ƙirƙiro labari. Ya nuna musu ya ce ƙasusuwan mayaƙan da ne masu tsaron ganuwa. Suka yi caa da wayoyi.

Kibwana ya ce, “Baba, ɗaga wannan sama, suna son hoto!”

Shomari ya dube shi. “Kai Kibwana, ɗan banza, ba da kai aka ɗauko makararta ba?”

Kibwana ya sunkuyar da kai. Wata Baturiya ta tambaye shi me tsohon ya ce, ya ce mata yana yi musu sannu da zuwa ne.