Rabin Labarin Burtu

Wata huɗu ke nan da rasuwar mijina Bulus, amma in na zauna kukansa sai in tarar Kaka nake yi wa. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa.

A zamanin Turawa muna zaune a gefen garin Potiskum, ni da Kaka, uwar babana, don uwata ta rasu ina goye. In an ci tuwo, kafin wutar murhu ta mutu, sai yaran maƙwabta su kewaye ta. Hausarta duk yaren Karekare ne a ciki, mu yi dariya, ita ma ta yi. Ba ta taɓa fara tatsuniya sai ta ce, "Na ɗauko kaya daga nesa, wa zai sauke ni?" Amsar kuwa tawa ce: "Ni ce, Kaka." In wani ya riga ni, sai ta ce, "Kai da wuyan nan naka kamar na zakara? Bari Saratu ta amsa."

Ana gobe zan tafi taron matasan coci, ta fara mana labarin wata yarinya da fari ya cinye garinsu. Aka ba ta irin gero na ƙarshe a ɗan duma, ta ratsa daji ta kai inda ake ruwa. Kullum burtu sai ya tare ta, ya ce ta ba shi ƙwaya ɗaya ya nuna mata hanya. Tana ba shi, tana ba shi, har saura ƙwaya uku. Ga burtu ya sake sauka. Nan Kaka ta tsaya.

"Sauran sai kin dawo daga wajen waƙoƙinku," in ji ta.

Bayan girbi ne. Kwana bakwai muka yi a filin mishan, cikin rumfunan zana, da matasa daga ƙauyuka har na wajen Damagum. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Mu yi waƙa, a karanta mana Littafi Mai Tsarki, mu ci daga tukunya ɗaya. A ranar ƙarshe wani saurayi mai zaƙin baki ya miƙe, shi ne Bulus. Ya ce mu yi alkawarin barin giya, da tsafi, da tatsuniya, don ƙarya ce kuma cike take da aljanu. Malaminmu ya ce, "Har da tatsuniya, Bulus?" Ya yi murmushi, amma bai hana ba. Hannuwa suka tashi. Na ɗaga nawa, don Bulus yana kallon wajenmu.

Da na dawo, yara suka taru da wuri, kowa na jiran burtu. Kaka ta gyara zama ta ce, "Na ɗauko kaya daga nesa, wa zai sauke ni?"

Na sunkuyar da kai.

Ta sake faɗa. Ta faɗa na uku, a hankali, tana leƙen fuskata.

"Kaka, na yi alkawari a taro. Na daina."

"Yesun naku ne ya ce?"

"A'a, Bulus ne."

"To," ta ce. Ta zare itacen daga murhu ta kashe a toka. Yara suka yi ta roƙo, ta ce su tafi gida. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma sake ba da labari ba. Na yi ta cewa gobe zan amsa, gobe zan amsa. Da damina ta tsaya, zazzaɓi ya ɗauke ta.

Ban yi nadamar bin Almasihu ba, shi ne ke riƙe da ni yanzu. Amma na daɗe a coci, na saurara da kyau, ban ji inda aka ce a bar tsohuwa da magana a baki ba.

Bulus ya san rabin labarin, ni na ba shi bayan aurenmu. A ciwonsa na ajali ya kama hannuna ya ce, "Saratu, yarinyar nan, ta ba burtu sauran, ko ta hana?"

Na ce ban sani ba.

Ya yi kuka, ya ce, "Yarinta ce. Ki yafe mini." Na yafe masa nan take. Shi ya sami wadda zai roƙa gafara tana raye. Ni ban samu ba.