Ranar da asibitin sojojina ya cika

Shekarun baya, lokacin na gama jami'a ina zaune gida a Birni ba aikin fari bare na baƙi, wani abokina da ke koyarwa a wata lakwal, wato makaranta, a Droum ya saka mini wani wasa a waya. Wasan yaƙin zamanin da ne. Ka gina gari, ka zagaye shi da ganuwa, ka tara 'yan baka da mahaya dawakai, har giwayen yaƙi akwai. A cikin gine-ginen akwai asibitin sojoji. In aka kawo maka hari, waɗanda suka ji rauni can ake kwantar da su har su warke. In gadaje suka ƙare, sauran mutuwa suke yi, ba dawowa. Ni kuwa ga son tara dakaru ga ƙyuyar gini, don haka asibitina kullum ɗan mitsitsi ne.

Ni da abokin nan ɓangare ɗaya muke, da saƙon murya muke shirya komai. Ɗakina ba rezo, waya ba ta kamawa, sai na fito tsakar gida kusa da madafa nake samun aikawa.

Ban san ranar da abin ya fara ba, na dai lura mahaifiyata ta daina yi mini faɗan barcin safe. Wanda ya san ta ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai na dawo daga masallaci in tarar an juya jakar da ke ƙarƙashin gadona. Rigunan da ban sa ba ma an kwashe an wanke. In zan fita ta ce, "Ina za ka? Kai da wa?" alhali da ko kallona ba ta yi.

Wata rana maƙwabciyarmu, Kirista ce mai aikin jinya a likita, ta tare ni a lungu tana dawowa daga aiki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, in wani ya ji ciwo a kawo mana shi. Ciwon da aka ɓoye ruɓewa yake yi." Na ce to, Mama, na wuce ina waiwaye.

Na zauna na haɗa wannan da wancan, na yanke cewa zargina ake da shan ƙwaya, tunda idona kullum ja saboda kallon waya. Raina ya ɓaci. Na fara kulle ɗakina. In ina aika saƙo na ji takunta, sai in rage murya in juya baya. Ni a ganina kare mutuncina nake yi.

Sai ga kawuna daga Hamdara, ana tsakiyar noma. Mutumin da ko suna aka yi sai dai ya aiko da gaisuwa in damina ta zauna. Bayan la'asar ya kira ni zaure, ya tura ƙofar waje ya sa sakata. Mahaifiyata na tsaye bakin ƙofar ciki.

Ya ce, "Mutum nawa ne a kwance?"

Na ce, "A ina, Kawu?"

"Kada ka maida ni yaro. Ina kuka ajiye su? Wa ke ba ku magani?" Ya ce yana da amini tsohon jandarma, in ban faɗi gaskiya ba shi da hannunsa zai kai ni, gara haka da a zo a ɗauke ni a gaban uwata.

Lokacin kuwa ana ta jin labarin samarin da ke ɓacewa su shiga daji can gabas. Nan na gane ba maganar ƙwaya ake ba. Mahaifiyata ta buɗe baki ta maimaita abin da ta ji na faɗa tana tuƙa tuwo, ko kalma ba ta ɓatar ba: "Sun faɗo mana da asuba, asibiti ya cika, sauran duk sun mutu. Ka turo mini mutanenka gobe mu rama."

Dariya ta kuɓuce mini, saura kaɗan in sha mari. Na buɗe wasan na nuna wa Kawu ganuwa, na nuna masa asibitin da 'yan sojoji jere a kan gadaje. Ya kalla, ya kalla, ya ce, "Haka suke yi. Su ɓoye magana a cikin wasan yara." Ya ce in kira wanda nake aika wa saƙon, in buɗe murya kowa ya ji, kuma kada in ce komai sai "yaya masu rauni".

Abokina ya ɗauka, na tambaya kamar yadda aka ce. Ya ce, "Nawa sun warke tun jiya. Kai ne ka ƙi faɗaɗa asibitinka, ka tsaya kiwon giwaye. Yanzu giwa nawa ta rage maka?"

Kawu ya ce, "Giwa?"

Abokina ya ce, "Wa ke nan?"

Kawu ya cire hula ya shafa kai, ya yi salati, ya zage ni zagi mai kyau. Mahaifiyata ba ta yi dariya ba. Zamewa ta yi ta zauna a ƙasa tana kuka. Ashe tun ranar da ta ji maganar nan abinci ba ya shiga cikinta. Jini take nema a rigunana. Ta kasa tambayata don tsoron amsar, ta kasa faɗa wa kowa sai maƙwabciyar da ɗan'uwanta, don ta san in magana ta fita ba ta komawa. Da ta nutsu ta karɓi wayar ta ƙura wa asibitin ido.

Ta ce, "Waɗanda ba su samu gado ba fa?"

Na ce, "Mutuwa suke yi, Inna."

Ta miƙo mini ta ce, "To ka daina tura 'ya'yan mutane inda ba ka da wurin kwantar da su."

Washegari Kawu ya ɗora ni bayan babur sai Hamdara, ya ce tunda ina da ƙarfin yaƙi ga ciyawa can tana jira. Sai da aka yi girbi na dawo, tafin hannuna duk kanta.

Yau in muka tuna a gida dariya ake yi, ni ma ina yi. Amma akwai inda dariyar ke tsaya mini. Gida ɗaya muke, kwano ɗaya, ita tana leƙena ni ina leƙenta, kowa ya gama yanke hukunci a ransa. Ni fushi nake don an taɓa jakata. Ita kuwa duk safiya in na sa takalmi, kallon ƙarshe take yi mini.