Baba Bai Manta Komai Ba

Akwai wata safiya a ofishin wani likita a nan Sakkwato da ba na jin za ta bar raina har ƙasa ta rufe mini ido. Ranar ce mahaifiyarmu ta zauna gaban hoton ƙwaƙwalwar mijinta, ba mu san ko za ta koma gidansa ko ba za ta koma ba.

Babanmu malami ne ɗan malamai. Ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, sannan ya koma zauren gidanmu a unguwar Gidan Dare yana ba da karatu bayan la'asar. Abin da aka fi saninsa da shi kunya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya ci abinci gaban baƙo ba, kuma sunan yayanmu, ɗansa na fari, bai taɓa fita daga bakinsa ba, "wancan" kawai yake ce masa. Idan gishiri ya zarce a miyar Inna, sai dai ya kora da ruwa ya ce Allah ya yi albarka. Mu yara har haushin haƙurinsa muke ji.

A wata walimar saukar karatu aka fara ganin abin. Ana zaune cikin manyan mutane, Baba ya miƙa hannu ya ɗauke nama daga kwanon wanda ke kusa da shi, ya jefa a baki, ya ci gaba da hirarsa. Aka yi dariyar yaƙe, aka ce wasa ne. Bayan nan ya tsiri kwaɗayin zaƙi, har sukari yake kamfata da cokali. Ya fara ƙwala wa yayanmu kira da sunansa tun daga bakin titi. Ɗalibi ya yi kuskure a karatu, sai ya ce masa jaki. A hankali zauren ya watse, kowa da uzurin da ya kawo, ba wanda ya faɗi dalilin gaskiya.

Na kai shi wani ƙaramin asibiti a Mabera. Aka auna jininsa, aka tambaye shi wace rana ce yau, wane wata ake ciki, me ya ci da safe. Ya amsa duka daidai, har ya gyara wa mai tambayar lissafin watan Musulunci. Muka dawo da maganin ƙarin jini da shawarar ya riƙa hutawa. A unguwa kuwa hukunci ya riga ya fita. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ai tsufa ba ya kawo sabon hali, tone tsohon yake yi. Wannan ta biyun ita ta fi yawo, don ta fi daɗin faɗa.

Inna ce ta fi kowa shan abin, ita da ke ɗaki ɗaya da shi. Ya kushe girkinta gaban surukai, ya ce ta tsufa ta lalace, duk ta haɗiye. Sai ranar da aka aiko cewa ƙanenta ya rasu a ƙauyensu Kwalkwalawa, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Tana zaune tsakar gida tana kuka, Baba ya fito ya tsaya a kanta ya ce, "To, mi? Kowa mutuwa za shi yi. A kawo min hura, a sa sukari da yawa." Ina wurin. Fuskarsa ba fushi ba mugunta, ba komai a cikinta.

Inna ta tafi zaman makoki, aka share makoki ba ta dawo ba. Aka yi arba'in, shiru. Mace mai jikoki ta yi yaji, abin da ko a ƙuruciyarta ba ta taɓa yi ba. Na bi ta, na same ta tana taya matan gidan sussukar gero, na ce mata ina ganin Baba ba shi da lafiya, irin ruɗewar nan ce ta tsufa.

Ta ajiye taɓarya ta dube ni. "Ni za ka koya ma ruɗewar tsuhwa? Ni niy yi jinyar Goggo hat ta cika. Ta mance sunana, ta mance ƙohwar ɗakinta, ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Wannan ciwo na, kuma ban taɓa riƙe ta ga rai ba. Ubanku mi yam mance? Ka ja mai baƙi ka gani in ba ya ƙarasa ma ba. Abin da ag ga rai nai tun tuni shi na yah hito, da yag ga ban da sauran wurin zuwa."

Hujjarta ta fi tawa ƙarfi. Duk abin da muka sani game da wannan ciwo mantuwa ce, shi kuma Baba bai manta komai ba.

Wani abokin aikina ne ya ce in gwada likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti. Likitan ya saurare ni, ya yi wa Baba 'yan tambayoyi, ya rubuta a ɗauki hoton kansa. Aka kwantar da Baba aka tura shi cikin wata na'ura mai zagayayyen baki, mai ƙara kamar injin niƙa. Da ya fito abin da ya fara tambaya shi ne ko ana sayar da alewa a nan kusa. Likitan ya ce ranar karɓar sakamako in zo da wanda ya fi kowa daɗewa tare da shi, don hoto shi kaɗai ba ya yanke magana, sai an haɗa da labarin wanda ya san mutumin da can.

Da ƙyar Inna ta yarda, shi ma don haƙƙin zaman tare, kuma da sharaɗin in mayar da ita kafin azahar. A mota ta zauna baya tare da ƙanwata, Baba gaba.

Aka bar Baba a waje tare da ƙanwata. Likitan ya daɗe yana tambayar Inna yaushe aka fara, me ya fara canzawa, ko Baba yana ɓata hanya, ko yana maimaita tambaya. Tana amsawa a gajarce kamar mai ba da shaida a kotu, har ta kawo masa zancen Goggo. Sannan ya juyo mata da fuskar kwamfuta, ya ce, "Hajiya, abin da ake kira ruɗewar tsufa ba ciwo ɗaya ba ne. Irin na Goggonki yakan fara cin nan, can ciki ta gefe, inda ake ajiyar tunawa. Akwai wanda hawan jini ke kawowa, shi za ki ga ɗigo-ɗigon fari inda ƙananan jijiyoyi suka toshe. Na Malam dubi inda yake." Ya sa biro a gaban hoton, daidai bayan goshi. Ko ni da ban san komai a kai ba na ga wurin ya motse, ya bar fili baƙi tsakaninsa da ƙashi. Ya ce nan ne mazaunin kunya da tausayi da linzamin baki, kuma mai irin wannan yakan daɗe bai manta komai ba alhali halinsa ya riga ya tafi. Ya ce ba shi da maganin warkewa, zai ci gaba, kuma maganin masu mantuwa ba zai amfane shi ba, wataƙila ma ya ƙara birkita shi.

Inna ta matso da kujerarta ta ƙura wa hoton ido. Can ta ce, "Likita, tambaya guda gare ni. Maganganun da shika hwaɗa min, ciwon ka ƙirƙiro su, ko da ma suna ciki, ƙohwa ta ɗai anka buɗe?"

Na so ya yi mata ƙarya, wallahi na so. Amma ya ce, "Hajiya, wannan hoton ba ya nuna shi. Abin da zan iya rantse miki a kai shi ne, yanzu ba shi da ikon zaɓen abin da zai faɗa. Lokacin da yake da ikon, ke kika san abin da ya zaɓa."

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta ta miƙe, ta ce, ba da kowa take ba, "Ashe an ɗauke mai alƙalami. Wanda yah halicce shi ya bar rubuta mai, ni wa ta da zan ci gaba da rubutu?"

Da muka fito na kama hanyar Kwalkwalawa kamar yadda muka yi alkawari. Ta ce in juya gida, kayanta a aiko mata da su daga baya.

Kada a ɗauka daga nan abu ya yi daɗi. Baba ya ƙara lalacewa, ya zage ta ya fi a ƙirga, daga baya maganar ma ta ɗauke gaba ɗaya. Ita ta ɓoye sukari, ita ta yi masa wanka, ita ta riƙa tare mutane a zaure tana cewa Malam ba shi da lafiya, da muryar da ba ta barin wurin wata tambaya. A hannunta ya cika bayan wasu shekaru. Amsar tambayar da ta yi wa likita kuwa ba ta samu ba, kuma ban sake jin ta neme ta ba.

Abin da na koya a wannan safiya shi ne, ba kowane tsoho da ya canza ba ne asirinsa ya tonu, wani ciwo ne ke cinsa ta inda ba mu saba dubawa ba, kuma kafin a yanke masa hukunci ya cancanci a kai shi a duba. Mutum kuma da abin da ya yi lokacin da yake da ikon kansa ake auna shi. Baba ya yi shekaru masu yawa yana da ikon ɓata wa Inna rai, bai yi ba.