Fasinjan Da Ba Ya Tafiya

Shekara tara Baba Ado yana shiga motar Malumfashi a tashar Kawo, amma bai taɓa wuce ƙofar tasha ba. Tsohon direba ne. Da idonsa ya yi rauni ya ajiye tuƙi, sai direbobi suka ba shi aikin zama. Zai sa babbar riga, ya rungume jaka, ya hakimce a kujerar baya. Tsummokara ne a jakar.

Hikimar ita ce, matafiyi ba kyan mota yake dubawa ba, jira yake gudu. Kowa so yake wani ya riga shi shiga, kuma in kowa ya tsaya jiran wani, mota sai ta wuni wayam. Baba Ado shi ne wanin. Da fasinjan gaske sun taru, sai ya ce zai kama ruwa, ya sulale zuwa motar da ke bi mata.

Ni ma ya taɓa yi mini. Ranar da na gano shi, na zazzaga masa masifa son raina. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, ba don ka gan ni ba, da ka shiga? Da har yanzu kana tsaye cikin rana." Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa. Daga nan muka saba.

To amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu bin hanyar kullum duk sun san fuskarsa.

Wata Laraba da hantsi aka bugo masa waya cewa ƙanensa Ila ya rasu a Malumfashi, jana'iza bayan la'asar. Ya biya kuɗin mota kamar kowa, ya zauna. Duk wanda ya leƙo ya gan shi sai ya ja baya: "Ga Ado can ciki, wannan ba yanzu za ta tashi ba." Wasu suka fita bakin titi neman mota. Ya rantse, ya nuna musu waya, har da hawaye. Wata mata ta ce, "Kai Baba, yau har da kuka aka ƙaro?"

Sai da aka kira azahar ya sauka, ya ɓuya bayan rumfar mai shayi, direba ya riƙe masa kujera. Ko rabin awa ba a yi ba mota ta cika. Ya isa gida mutane suna dawowa daga maƙabarta.

Da na je yi masa ta'aziyya, tausayinsa bai hana bakina ba. Na ce, "Baba, kai da ka san halin fasinja, me ya sa ba ka sauka da wuri ba?"

Ya kalli jakarsa.

"Na sani, Malam. Amma ranar ce kaɗai kujerar take tawa."