Kabarin da Muka Haƙa Sau Biyu

A unguwar Zango, gab da samun 'yancin kai, maƙwabcina wani tsoho ne mai aikin katako, Kirista, mutumin Dahome. Ni lokacin sabon ango ne, ina ɗinki a ƙofar gida. Tun da ransa ya ƙera akwatin da za a binne shi a ciki, kafin ranar ta zo yana zuba gujiya a cikinsa. Gujiyar da muka ci daga akwatin nan ta isa ta cika rumbunan garin Garagumsa duka.

Da la'asar yakan buɗe littafinsa mai tsarki ya ba ni labarin tashin matattu. Ya ce Yahudawan zamanin da, burinsu a kwantar da mutum wajen kakanninsa, ga shi nasa suna can bakin teku. Abin da ke sanyaya masa rai shi ne wani annabi da ya ga kwari cike da busassun ƙasusuwa, kowane ƙashi ya tashi ya nemo ɗan'uwansa. Na ce to Baba, naka sai sun shiga mota. Ya yi dariya har da tari.

Abu ɗaya ya roƙe ni. "Ɗana, ba ni da kowa a nan. Ka sa ƙafafuna gabas, ranar da Almasihu zai dawo in miƙe ina kallonsa." Na ɗauki alkawari.

Ranar da ya rasu limamin majami'arsu ya yi tafiya, zafin bazara kuwa ba ya jiran kowa. Maƙwabta suka tafi haƙa, ni na tsaya kwashe gujiya. Muna isa da akwati muka tarar da kabari irin na Musulmi, wanda hannunsu ya saba: kudu da arewa, siriri, ko takalmin tsohon sai an lallaɓa. Wani dattijo ya ce a bar akwatin, a kwantar da shi ta gefen dama, ai nan ma gabas zai kalla. Na ce gaskiya ne Baba, amma ba haka muka yi da shi ba.

Dattijon ya dube ni, ya tofa yawu a tafin hannunsa, ya ɗauki dagi. Muka sake haƙa, gabas da yamma, gumina kaɗai ya isa a shuka gero. Babu wanda ya san addu'arsu, sai na sa masa littafinsa a ƙirji, muka rufe.

Da limamin ya dawo ya je ya duba, ya ce daidai ne. Gujiyar kuwa muka yi wa tsohon sadaka da ita.