Mamana Ya Ɗauki Kwano

A Jos ba a wasan kwaikwayo da damina, kuma laifin rufin kwano ne. Zauren da muke aro tsohon kulob ne na ma'aikatan kuza a kan hanyar Bukuru, in ruwa ya sauko da ƙanƙara, sarki zai iya faɗuwa ya mutu a kan dandali da dogon jawabinsa ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Saboda haka damina lokacin gwaji ce da gardama. Da ruwa ya ɗauke sai mu buɗe zangon wasanninmu, mu yi ta yi har zafi ya shigo.

Ƙungiyar wasanmu ba ta da wani girma. Malaman makaranta ne irina, da akawunan sakateriya, da 'yan mata masu koyon jinya, da wani tela na Gada Biyu da ke ɗinka mana kaya kyauta bisa sharaɗin a riƙa ba shi matsayin mugu. Akwai Musulmi akwai Kirista, don haka ba ma gwaji ranar Juma'a da rana ko Lahadi da safe. Shekarun nan ne soja ke shirin miƙa mulki, Legas kuma ba ta daɗe da gama babban bikinta na al'adu ba, kowa a ƙasar ya wayi gari masanin al'ada.

Wasanni huɗu muka shirya wa zangon. Akwai na Turanci, inda akawuna ke naɗe jiki da zanen gado suna kashe juna saboda sarautar wata ƙasa da ba wanda ya san inda take. Akwai na barkwanci, a kan akawun da ya fi son tafiretarsa a kan matarsa. Akwai na tsabtar rijiya, wanda ma'aikatan lafiya suka roƙa, muka kasa cewa a'a. Na huɗu shi ne zai buɗe zangon, wasan waƙa a kan matan da suka yi dakon ƙasar kuza a ka. Ni na rubuta maganganun ciki, amma waƙoƙin na Mama ne.

Mama dankalin Turawa take sayarwa a kasuwar Bukuru. 'Yar ƙauyukan dutse ce, tana waƙa a ƙungiyar mata ta cocinsu, tana buga tulu da tafin hannu. Na je sayen dankali wata Asabar na tarar tana tsince ruɓaɓɓu tana rerawa ƙasa-ƙasa:

Mamana ya ɗauki kwano,
ya hau tudu, ya sauka.
Kuza ya tafi Ingila,
mamana ya dawo da tari.

Mahaifiyarta ce. Ta yi dako a ramukan kuza tun tana budurwa har ƙirji ya kwantar da ita. Ba ta bar hoto ba, kabarin ma ruwan wani tsohon rami ya cinye gefensa. Waƙar nan ce kaɗai abin da 'yarta ke da shi, kuma da na ce ta zo ta rera ta a zaure, sai da ta gaya wa layin masu dankali kaf, ta gaya wa coci, ta aika ƙauye.

Ni malamin Hausa ne, da shi nake ci. Na san mama mace ce, na san mace ta ɗauka ake cewa. Rabin jan biron da na ƙarar a rayuwata a kan wannan ya da ta na ƙarar da shi, domin yaran Jos, in ka bar su, za su mayar da duniya duka namiji: mota ya zo, yarinya ya tafi, rana ya faɗi. Amma a gaban tiren dankali ban ji kuskure ba. Ban ma lura ba sai da aka nuna mini.

Wanda ya nuna mini shi ne shugaban kwamitinmu, tsohon sufeton makarantu da ya yi ritaya ya zauna a Daɗin Kowa. Ya yi karatu a Kano, ya yi kwas a Landan, ya bar aiki amma jan biro bai bar aljihun rigarsa ba. Shi ya samo mana zauren ta hannun wani abokinsa, makullin yana wurinsa. Mutumin kirki ne, in faɗi gaskiya, irin kirkin da ba ya barin karkataccen abu ya wuce ta gabansa.

Ya shigo gwaji wata rana bayan la'asar, ya zauna a bencin gaba, lema a tsakanin gwiwoyi. Mama ta rera baitin farko, mata suka amsa, tela ya shigo a matsayin heluma, wato shugaban leburori, yana kaɗa bulala yana jin daɗin kansa. Sai sufeto ya ɗaga lema.

"Malam, tsaya. Wa ya ɗauki kwanon?"

Na ce, "Mahaifiyarta, ranka ya daɗe."

"To me ya sa na ji ya? Ko mahaifiyar tana da gemu?"

Tela ya ce, "Yallaɓai, a ramin kuza ba wanda ke da lokacin duba gemu."

Aka yi dariya, ban da sufeto. Ya zaro biro, ya karɓi takardar hannuna, ya gyara a tsaye: uwata ta ɗauki kwano, ta hau tudu, ta sauka. Ya miƙo mini kamar yadda ya saba miƙa wa hedimastoci rahoto.

Ba zan ce ban gwada ba. Na kai wa Mama, na karanta mata, ta saurara da ladabi, ta ce, "To, Ticha, bari mu gani." Ta gyara zama, ta buga tulu, ta fara. Uwata ta, uwata ta. Harshenta ya riƙa tuntuɓe a kan ta biyun nan kamar mai in'ina, kiɗan ya wuce ya bar ta, matan amshi suka rasa inda za su shiga. Ta sake. A karo na gaba ta kai ƙarshen baitin daidai, ba kuskure ko ɗaya, da a aji ne da na ba ta maki cikakke. Sai ta ɗora hannu a bakin tulun.

"Ticha," ta ce, "wannan matan, ban san shi ba. Ba mamana ba ne."

Ba ta faɗa da faɗa ba. Ta faɗa ne kamar wadda aka nuna wa hoto aka ce ta duba ko ta gane mai shi.

Sufeto ya kira taron kwamiti a falonsa. Aka kawo shayi, sanyin Jos ya fara shigowa. Ya yi bayani a tsanake, kuma bayaninsa ba na banza ba ne. Ya gayyato baƙi daga Kano da Kaduna don buɗe zangon, har da mutanen talabijin. Ya ce ya zauna da irin mutanen nan, ya ji yadda suke kwaikwayon Hausar Jos a bayan idonmu suna riƙe ciki.

"Za su yi mana dariya, malam. Za su yi mata dariya, ita da uwarta. Kai ne za ka tsayar da ita a gabansu?"

Shawararsa ita ce a ba wata ɗaliba ta kwalejin horon malamai matsayin, yarinya mai murya, mai Hausa kamar ta rediyo. Mama kuma ta koma layin baya ta buga tulunta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, waƙar tata ce."

"Harshen fa? Na waye?"

"Nata ne shi ma. Da shi ta yi ciniki yau da safe, da shi ta yi addu'a, da shi aka yi wa uwarta tsawa a bakin rami."

Na gaya masa abin da shi ma ya sani. Kakana daga ƙasar Kano ya zo haƙar kuza, ya tarar da mutanen dutse da mutanen kudu da na Barno a rami ɗaya, ba mai jin yaren wani. Hausa suka ɗauka suka yi aiki da ita, kuma mutanen da ke hawa tudu da kwanon ƙasa a ka sun sauke mata duk abin da suka ga za a iya tafiya ba shi. Sun ajiye ta, sun riƙe ya. Ba wanda ya taɓa kuskuren auren namiji saboda haka. In baƙin Kano suna son jin Hausar Kano, ai sun baro ta a gida, ba sai sun ƙona mai sun hawo dutse ba.

Ya ce, "Kai da kake koyar da nahawu."

Na ce, "Shi ya sa na san inda aikinsa ya tsaya. Ban taɓa jin an gyara wa mai makoki kuka ba."

Wannan ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa, ban kuma janye ba. Ya ce ko a gyara waƙar, ko a sauya mai rerawa, ko wasan ya fita daga zangon. In kuma na nace, to makullin zauren nasa ne. Akawunan suka duƙufa kallon kofunan shayinsu, don suna da zanen gadon da za su naɗa, ba sa son rasa dandali. Ban ga laifinsu sosai ba. Na ce a cire wasan. Na miƙe, tela ya miƙe, ya tsaya ya shanye shayinsa tukuna, ya ce ba a fushi da madara.

A hanya ya tambaye ni, "To malam, yanzu a ina za mu yi? A ɗakinka?"

Ban sani ba. Washegari na je Bukuru in gaya wa Mama. Ta saurare ni tana auna wa wata mata dankali, ta ce, "In don ni ne, Ticha, ka ba yarinyan. Kar oga ya kore ka." Na ce oga ba shi ya ɗauke ni aiki ba. Ta dube ni, ta ce, "To ni dai na riga na gaya wa mutane." Daga ganin yadda ta ɗaure bakin buhun na san ba ta da niyyar komawa ta warware.

Tela ne ya samo dandalin. Surukinsa na da babbar mota mai jigilar dankali zuwa kudu, ranar Lahadi ba ta fita. Aka sauke katakan gefe, aka ja ta bakin filin da ke bayan kasuwa, aka rataya tamfol a matsayin labule. Ba mu buga sanarwa ba. Masu dankali suka gaya wa masu tumatir, 'yan kamasho suka riƙa faɗa a bakin ƙananan motoci, a coci aka sanar bayan addu'a, tela kuma ya gaya wa duk wanda ya zo awo. Muka sa shi Lahadin ƙarshe kafin buɗe zaure, bayan la'asar, don masu coci sun dawo, masu salla sun idar. Na zaɓi ranar da gangan. An ce wasanmu ne zai buɗe zangon, na ga babu dalilin da zai hana.

Filin ya cika har kan tarin ƙasar tsohon rami. Tela ya fito da bulala, aka yi masa ihu, wata tsohuwa ta jefe shi da ɓawon rake, abin da har ya tsufa yana ba da labarinsa a matsayin babbar lambar yabo. Sannan Mama ta zauna a bakin motar, ƙafafunta na lilo, ta rungume tulu.

Mamana ya ɗauki kwano.

Ba ta kai layi na biyu ba filin ya karɓe. Ba mu koya wa kowa amshi ba. Tsofaffin mata ne suka fara, waɗanda wuyansu ya san nauyin kwanon, sai maza suka bi, har da dattawa masu carbi waɗanda a gidajensu ba a taɓa ce wa mace ya ba. Su ma ya suka ce. Na tsaya a gindin taya da takardar wasan a hannu, ba wanda ya nemi in tuna masa komai. Da aka zo kan tari, Mama ta tsaya, ta bar su suka ƙarasa mata.

Sufeto ya zo. Na hango shi can baya kusa da masu rake, da lemarsa, bai zauna ba, bai kuma yi amshi ba. Da aka tashi ya ratso mutane ya zo inda nake.

Ya ce, "Muryarta na da kyau."

Na ce, "Ƙwarai, ranka ya daɗe."

"Amma kuskure ne."

"A jarrabawa, kuskure ne."

Ya gyaɗa kai, ya je ya gaishe da Mama, ya ce mata sannu da aiki. Ta ce, "Na gode, Baba. Ka gai da madam, ka ce ya zo ya ɗauki dankali." Na ga hannunsa ya tafi aljihun biro, ya tsaya a hanya.

Ba a sake ba ni makullin zauren ba, ban kuma roƙa ba. Sun buɗe zangonsu da sarakunan zanen gado, baƙin Kano suka tafa, aka ce ya yi kyau. Mu kuma muka bi motar dankali duk ranar da ba ta da lodi, Gada Biyu, Daɗin Kowa, ƙauyukan bakin ramuka, har ruwan farko ya kore mu. Ko sau ɗaya Mama ba ta koma layin baya ba.

Ranar Litinin bayan wasan farko na shiga aji na rubuta jimla a allo don gyara: yarinya ya tafi kasuwa. Ajin ya ɗauki guna-guni, rabinsu suna filin jiya, sun gan ni a gindin taya bakina na motsi. Na ce su yi shiru su buɗe littafi. Na ja layi a ƙarƙashin ya, na rubuta ta a samansa, na ce duk wanda ya kawo mini ya a takarda zai ga jan biro. In an tashi, kowa ya je ya kira mamansa yadda ya saba.