Bututun da Na Toshe da Sabulu

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye kusa da Nasarawan Doya. Ban yi karatu ba, maƙwabciyata ce take rubuta abin da nake faɗa, ina yi ina share hawaye. A lokacin da abin ya faru sana'ata ajiyar wake ce a duro. Abin da na sani tun ƙuruciya shi ne, duk mazubin da iska ke fita a toshe shi, in ba haka ba ƙwari su cinye hatsin.

Maigidana yana da ciwon suga, ƙafarsa ta yi gyambon da ya ƙi warkewa. Likitoci a Zariya suka ce sai an yanke, ya ce shi da ƙafarsa za a binne shi. Babban ɗanmu mai facin taya ne a Maƙarfi. Ya gani a waya wai a wasu ƙasashe ana sa mai irin wannan ciwo cikin wani abu, a matsa masa iska. Sai ya ɗinka dogon buhu na tamfol, ya liƙe da gam, ya kawo injinsa na ba taya iska. Uban har yana tsokanarsa, wai da tsufansa an mai da shi tayar mota.

Rana ta uku da farawa, bayan azahar, ɗana ya sa uban ciki, ya kunna injin, sai aka yi sallama da shi a ƙofar gida. Ya ce in zauna in sa ido kawai. Ina zaune na ji wani ɗan bututu a gefe yana huci. Na ɗauka maganin ne yake zurarewa. Na cusa sabulu, na ɗaure da roba tamau, yadda nake yi wa durona. Ashe da gangan ya bar wurin don iskar ta riƙa raguwa. Buhun ya yi ta kumbura. Na ji malam yana bugawa daga ciki, na ruga kiran ɗana, ban kai zaure ba buhun ya fashe. Jini ta hanci, ta kunne. Kafin mu isa asibiti ya cika.

Tun ana ta neman motar kai shi asibiti na kwance robar na jefa a murhu. Ɗana ya ɗauka ɗinkinsa ne ya kashe ubansa. Ya rabu da injin, ya daina shiga mutane, ni kuwa na yi shiru shekara da shekaru.

Don Allah jama'a, kada a haɗa kayan asibiti a gida, kuma abin da ba ku san aikinsa ba ku tambaya kafin ku taɓa. Da mun bari an yanke ƙafar, wataƙila da yau yana zaune a tsakar gidan nan. Na roƙi maƙwabciyata ta fara karanta wa ɗana wannan takarda kafin ta aika muku, don bakina ya kasa faɗa masa.